Tafiya da babban kare a mota: a yi hattara da zafi da igiyar wuya

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogondutsi da Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, ya san irin lodin da motocinmu ke ɗauka: buhunan albasar Galmi, raguna a ɗaure bisa rufin Hiyas, kaji a rataye ta ƙafafu, babur kwance kan katifa. To, a cikin wannan tarkace ne jefi-jefi ido kan faɗa kan kare. Ba karen mota muke nufi ba, wancan mai ƙafa biyu da ke maƙale a ƙofa yana kiran fasinja. Shi yana da bakin faɗa in ƙishirwa ta kama shi. Muna nufin kare mai ƙafa huɗu, babba, tsaye a bayan bashe ko kat-kat, an zarga masa igiya a wuya an ɗaure a jikin ƙarfe, harshe waje, rana tana dukansa tun daga Dosso.

Mai motar ba mugu ba ne. Sau da yawa ma son karen ne ya sa ya taho da shi maimakon ya bar shi. Abin da bai sani ba shi ne, jikin kare ba ya jure abin da ragon Sahel ko akuya ke jurewa, kuma igiyar nan da ya ɗaura don kada karen ya tsere tana iya zama ajalinsa.

Masu tafiya da karnuka a ƙasar nan sun fi yadda ake zato yawa. Akwai mafarauta, waɗanda da rani kan yi gayya su cika mota da mutane da karnuka su nufi daji. Akwai ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Yamai zuwa Tawa ko Damagaram, ya kwashe iyali da kaya da karen gadi. Akwai attajirin da ya aika a sayo masa kare daga Kano ko Kwatano. Sannan akwai karen nan namu na arewa, dogo siriri mai gudu kamar barewa, wanda Buzaye ke kira oska, duniya kuma ta san shi da sunan Azawak, sunan kwarin da ya haɗa arewacin jihar Tawa da ƙasar Mali. Tun farkon shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu. Namijinsa kan kai santimita 74 a tsaye amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba, gashinsa gajere, ba kitse. Shi ɗan gida ne, zafi ba baƙonsa ba ne, ko da yake shi ma a sake ya saba, inda zai nemi inuwa da kansa ya tona ƙasa mai sanyi ya kwanta.

Baƙin su ne abin tausayi. Karen Jamus da muke ce wa berje, namiji kan kai kilo 30 zuwa 40, ga gashi ruɓi biyu kamar mai sanye da bargo. Rotwaila galibin jikinsa baƙi ne, yakan kai kilo 50. Burbul na Afirka ta Kudu ya ma fi shi. Iya girman jiki da kitse da gajartar hanci, iya saurin da zafi zai kayar da kare.

Yadda zafi ke kisa

Mu mutane idan zafi ya dame mu gumi muke yi, iska ta busa, jiki ya yi sanyi. Kare ba shi da wannan gata sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Hanyarsa ita ce haki: ya zaro harshe, ya riƙa jan iska da sauri, damshin baki da na maƙogwaro ya tashi ya tafi da zafi. Wannan dabara tana aiki muddin iskar da yake shaƙa ba ta yi zafi ainun ba, kuma akwai ruwa a jikinsa. Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39. Idan ya haura 41 an shiga haɗari. Daga 42 zuwa 43 kuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta suke fara lalacewa. Ku duba fa, tsakanin lafiya da halaka digiri uku ne ko huɗu kacal. Alhali a watannin Afrilu da Mayu, a Yamai ko Tawa, digiri 41 a inuwa abin yau da kullum ne, wata rana har 45. Ke nan tun kafin a tada mota iskar waje ta riga ta fi jinin karen zafi.

Sai kuma motar da aka ajiye. A shekarar 2005 wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun auna zafin cikin mota rufaffiya a rana, saboda yaran da ake mantawa a ciki. Suka tarar cikin awa guda zafin kan ƙaru da wajen digiri 22 a kan na waje, kuma kashi 80 cikin 100 na wannan ƙari a rabin awar farko yake aukuwa. Abin da ya fi ba mutane mamaki, ɗan sauke gilashi da ake yi wai don iska ta shiga bai canza wani abin kirki ba. In muka ɗora wannan lissafi a kan bazararmu, motar da aka bari a rana a Ƙonni da azahar tana iya haura digiri 60 a ciki. Direba ya ce bari ya yi salla ya ci ɗan nama ya dawo, ya haɗu da wani tsohon aboki, hira ta yi daɗi. Minti 30 ba komai ba ne a wurin mai hira. A wurin karen da ke kulle kuwa, yana iya zama ƙarshen zance.

Masu motoci na zamani za su ce ai akwai kilim. Gaskiya ne, amma sanyin kilim a kujerun gaba ya fi tsayawa, can baya inda karen yake, ƙarƙashin babban gilashin da rana ke bugu, labari dabam ne. A sa hannu a wurin a ji. Kuma kada a bar inji yana aiki a tafi a dogara gare shi. Inji yakan mutu, kilim yakan tsaya. Shi kuwa kofur, wato akwatin bayan ƙaramar mota da ake rufewa ruf, ko kusa ba wurin mai rai ba ne. Ban da zafi, tsofaffin motocinmu sukan yi yoyon hayaƙi ta ƙasa, a cikin hayaƙin kuma akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana sa barcin da ba a tashi.

Alamomin ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Haki ya tsananta har da ƙara, yawu ya yi kauri yana dalala, harshe da dasashi su yi ja wur, karen ya kasa zama wuri ɗaya. In abin ya ci gaba sai amai ko zawo, sai tangaɗi kamar mashayi, sai faɗuwa. Da an ga na farko a tsaya, kada a ce bari mu kai gari na gaba. A sauke shi a inuwa, a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki duka, musamman ciki da hamata da cinyoyi, ana yi masa fifita. Mai gashi da yawa sai an cusa ruwan da hannu ya kai fata. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko tsumma, wannan riƙe zafin yake yi. In yana iya sha a ba shi kaɗan-kaɗan. In ya galabaita kada a ɗura masa, ruwan zai bi ta huhu. Shawarar likitocin dabbobi a yau ita ce a fara sanyaya shi nan take, sannan a nemi likita. Ko ya miƙe ya kaɗa wutsiya a kai shi a duba, domin ɓarnar da zafi ya yi wa ƙoda takan fito bayan kwana ɗaya ko biyu.

Igiya da burki

Mu koma kan karen da ke tsaye a bayan bashe. Ƙarfen da yake takawa rana ta gasa shi, tafin ƙafarsa yana ƙonewa har ya saɓule. Wanda ke shakka ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙarfen, ko a kan kwalta, ya ƙirga zuwa biyar. Abin da hannu ya kasa jurewa ƙafar kare ma ba za ta jure ba. Ga ƙura da tsakuwa da ƙwari suna shiga ido da kunne. Amma babbar masifa ita ce igiya. Karen farauta ya hango zomo ko ya ji haushin wani kare a ƙauyen da ake ratsawa, jininsa ya motsa, ya yi tsalle. In igiyar gajera ce sai ya rataye a gefen mota. In doguwa ce sai a ja shi a kwalta, direba yana gaba da rediyo a kunne bai san abin da ake ciki ba. Ko bai yi tsalle ba, rami ɗaya ko kaucewa jaki ɗaya ya isa ya wurga shi waje. Wanda ba a ɗaure ba kuma, faɗowarsa na iya kayar da mai babur da ke biye.

To a shigo da shi ciki a sake shi? Nan ma akwai magana, kuma wannan karon ran mutane ne a ciki. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta yi karo, duk abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya da wannan gudun. Daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, kamar bene hawa uku. In gudun ya ninka ya zama 100, abin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne: kusan mita 40. A shekarar 2008 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta gwada wannan da mutum-mutumin kare mai kilo 22, wato kamar nauyin Azawak ɗinmu, a gudun kilomita 50. Ƙarfin da ya bugi kujerar gaba da shi ya haura kilo 500. Ku kwatanta buhu goma na shinkafa su taho wa mutum ta ƙeya. In yaro ne a wurin fa?

Shi ya sa a Jamus doka ta ɗauki kare a mota a matsayin kaya, kayan da wajibi ne a tsare shi yadda ba zai motsa ba, wanda bai yi ba a ci shi tara. A Ingila ma ƙa'ida ta 57 ta dokokin hanya ta ce a killace dabba yadda ba za ta ɗauke hankalin direba ko ta ji wa wani ciwo ba in an taka burki. Mu a nan ba mu jiran sai jandarma ya tsayar da mu kan wannan. Lissafin burki ɗaya ne a Balin da Madawa.

Kujerar gaba ba ta kare ba ce. Jakar iskar da ke fashewa lokacin karo tana fitowa da gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, kuma don babban mutum mai ɗamara aka yi ta. Haka nan barin kare ya leƙo da kai ta taga, abin da ake gani a fina-finai ana sha'awa, hanya ce ta rasa ido, in ma bai bi tagar ya fice ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne keji mai ƙarfi. A gwajin nan na Jamus, kejin da aka ajiye a gicciye a bayan mota, manne da bayan kujerun baya, shi ya fi tsare kare da mutane. Ba sai an yi odarsa daga waje ba. Masu waldarmu da ke ƙera ƙofofi da gadaje a Maraɗi da Damagaram za su yi shi cikin kwana biyu in an ba su awo. Awon kuwa shi ne: karen ya iya tsayawa ba tare da kansa ya taɓa sama ba, ya iya juyawa, ya iya kwanciya. Kada a wuce haka da sunan kyautatawa, domin keji mai faɗi da yawa wurin wurgi ne in an yi karo. A bar iska tana ratsa shi ta kowane gefe, a goge bakin ƙarafan kada su yanke shi, a shimfiɗa katako a ƙasa da tabarma ko buhu a kai. In a bayan bashe ne, a matso da shi jikin kan mota, a ɗaure kusurwa huɗu da igiya mai ƙarfi, a yi masa rumfa ta zana ko katako wadda ta ɗan ɗaga sama. Kada a naɗe kejin da leda ko tamfol, tanda ke nan aka gina masa. Kada kuma a jibga kaya kewaye da shi har iska ta rasa hanya.

Wanda ba shi da halin keji, to aƙalla ya raba igiya da wuya. A yi wa karen ɗamarar ƙirji mai faɗi, wadda ta zagaye ƙirji da kafaɗu, a haɗa ta gajere da ɗamarar kujerar baya. Sai dai a sani ba kowace ake saya a kanti ce abin dogaro ba. A 2013 wata cibiya a Amurka mai suna Center for Pet Safety, tare da kamfanin motoci na Subaru, ta gwada irin waɗannan ɗamaru a karo, akasarinsu suka kasa: wasu suka tsinke, wasu maɗaurinsu ya ɓalle. Maɗaurin roba ba zai riƙe kilo 40 ba. A duba ɗinki, a duba ƙarfe.

Mafarauta kuwa, da su muke da ƴar magana ta musamman. Cusa karnuka goma wuri guda, ga zafi ga ƙunci, faɗa ne ke biyo baya, kuma kare da ya sha wuya a hanya ba ya kama komai in an isa. A raba waɗanda ba sa shiri, a ware macen da ke neman namiji. In dole sai an sa takunkumi, a sa mai kama da kwando wanda zai bar baki ya buɗe. Ɗaure bakin kare da tsumma ko roba a cikin zafi toshe masa hanyar shan iska ɗaya tilo da yake da ita ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kare da bai taɓa shiga mota ba, kada ranar farkonsa ta zama ta kilomita 660 daga Yamai zuwa Maraɗi, balle wajen 900 zuwa Damagaram. Mako ɗaya ko biyu kafin tafiya a ajiye kejin a tsakar gida a buɗe, a riƙa sa masa abinci a ciki, sannan a ɗan zaga gari da shi. Ranar tafiya a ba shi abinci kaɗan awa uku ko huɗu kafin a tashi. Cikakken ciki yana kawo amai, ga kuma wata cuta da ta fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su berje, inda tumbi ke kumbura ya murɗe. Alamarta ciki ya yi tauri kamar ganga, karen yana yunƙurin amai ba abin da ke fita. Wannan sai aikin tiyata cikin gaggawa, abin da ba a samu a bakin hanya.

Ruwa kuwa a ɗauki fiye da yadda ake zato. Kare mai kilo 30 yana shan kusan lita 2 a rana ko ba zafi. A hanya da bazara a tanadi jarka guda tasa, ta sha da ta zubawa a jiki, da kwanonsa. A tashi da asuba, ko kuma a jira la'asar. In da hali a ɗage tafiyar zuwa sanyin hunturu, ya fi. A tsaya duk bayan awa biyu, kuma Allah ya sa garuruwan hanyar sun jeru daidai da haka: Dosso, Dutsi, Ƙonni, Madawa. Amma a wuce tasha da kasuwa a nemi inuwar bishiya a bayan gari, nesa da yara da awakin mutane. A riƙe igiya a hannu kafin a buɗe keji, ba bayan an buɗe ba. Mu da ke aikin rediyo mun san yadda cigiya take. Akuya in ta ɓata akwai mai tsinta ya kai gidan mai gari, amma baƙon kare babba da ya firgita a garin da ba a san shi ba, jifa da sanda ne rabonsa. Kafin a koma mota a duba tsakanin yatsunsa, karangiya ba ta raina kowa.

Wani abu da muke roƙo a bari: ba kare ƙwaya don ya yi barci a hanya. Maganin barci ko tramol da ake saya a tebur yana rage masa ƙarfin numfashi da ikon daidaita zafin jiki, wato daidai abin da yake buƙata ya rayu. Maganin ciwon kai namu na mutane ma, irin su ibuprofen da parasetamol, yana iya lalata masa ciki da ƙoda da hanta. In karen mai yawan amai ne ko tsoro, akwai magungunan da aka yi don haka, likitan dabbobi ne zai faɗi wanne da kuma nawa.

Mun san akwai mai cewa duk wannan wahala a kan kare? Malamanmu na Malikiyya sun halatta riƙe shi don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma kowa ya ji labarin da ya zo a hadisi na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ba ya son yawun kare ya taɓa masa tufafi ko kujera, keji ya raba gardama.

Saura takarda. Ciwon haukan kare, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe mutane wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ba a warkewa. Mota tana iya ɗaukar cutar daga wata jiha ta kai wata cikin yini guda. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar rigakafi tun yana wata uku, ana kuma sabuntawa. A je ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi a yi, a karɓi katin a ajiye tare da takardun mota. Mai niyyar ƙetare iyaka ta Ɗan Isa ko ta Ƙonni ya nemi takardar shaidar lafiyar dabba tun kafin ya tashi. In kuma tsautsayi ya sa karen ya ciji wani a hanya, ko da yaƙushi ne da ya fasa fata, a wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a kai mutumin asibiti a ranar, a bar masa lambar waya, a kuma tsare karen ana lura da shi kwana 10 ana sanar da likita halin da yake ciki.